Kunkurun Ruwa a Gida: Ceto Ne ko Ɗaurin Talala?

Gabatarwa

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, inda Gulbin Zamfara ya ratsa ya bar fadamu da tafkuna, ba abin mamaki ba ne manomin rani yana cikin haƙar rijiyar ban ruwa ya tono kunkuru daga busasshen taɓo, ko kuwa masunci ya jawo taru ya tarar da kififiya a ciki. Sau da yawa yara kan roƙa a bar musu, a kai gida a jefa cikin daro. Niyyar mai kyau ce, amma dabbar takan yi ta ramewa har ta mutu ba a san dalili ba. Manufar wannan darasi ita ce bayyana lokacin da ɗaukar ke zama ceto, da irin haƙƙin da ke hawa kan wanda ya ɗauka.

Ire-irensu

Kunkurun ruwa dabam yake da babban kunkurun tudu mai cin ciyawa da aka saba ajiyewa a gidaje. Na ruwa da ake samu a wannan shiyya sun kasu gida biyu. Na farko su ne masu ƙoƙon baya mai tauri, dangin da masana ke kira Pelomedusa da Pelusios. Ana gane su da yadda suke lanƙwasa wuya gefe guda idan sun tsorata, maimakon su janye shi ciki kai tsaye. Na biyu su ne kififiya, masu faffaɗan baya mai laushi kamar fata, da dogon wuya da cizo mai tsanani, irin su Cyclanorbis senegalensis da Trionyx triunguis. Saboda raguwarsu, taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg a 2016 ya sanya kififiyoyin Afirka cikin dabbobin da ba a fita da su ƙetare sai da izini. Kififiya ba dabbar gida ba ce, domin kuwa tana bukatar ruwa mai faɗi da yashin da za ta binne kanta.

Yaushe Ɗauka Ke Zama Ceto?

Kunkurun da aka tono daga taɓo ba ciwo yake yi ba. Idan tafki ya ƙafe, yakan binne kansa, numfashinsa da bugun zuciyarsa su ragu ainun, ya zauna haka watanni har ruwan farko ya tashe shi. Wannan shi ne barcin rani. Abin da ya dace shi ne a mayar da shi wuri mai laima kusa da inda aka same shi, a rufe da ƙasa sako-sako. Haka kuma wanda aka gani yana tsallaka hanyar Sakkwato zuwa Jega da damina, mai yiwuwa sabon tafki yake nema, ko kuwa mace ce za ta yin ƙwai. Sai a tsallakar da shi ta gefen da ya dosa, a ƙyale shi.

Mai bukatar ceto shi ne wanda fartanya ko mota ta fasa wa baya, ko ya haɗiye ƙugiya, ko ya galabaita cikin taru. A tuna cewa da huhu yake numfashi, saboda haka idan ya daɗe a maƙale ƙarƙashin ruwa yakan mutu kamar kowace dabba. Ƙoƙon bayansa kuwa ba riga ba ce: haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe, akwai jini da jijiyoyin jin zafi a ciki. Ke nan huda gefensa don a ɗaura igiya azabtarwa ce. Idan akwai rauni, a wanke da tafasasshen ruwan da ya huce, a kare shi daga ƙuda, kada a shafa baƙin mai ko toka. Ƙugiyar da ta shige ba a fizgo ta; aikin likitan dabbobi ne, kamar na asibitin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Kulawa a Gida

Mazauni: A sami babbar roba ko kwami na siminti. Zurfin ruwan ya kai yadda zai iya juyawa idan ya kife, sa'an nan a sa dutse ko gungume wanda zai hau ya bushe sarai.

Rana da inuwa: Kunkuru ba ya ɗumama jikinsa da kansa, zafin wurin da yake shi ne zafinsa. Bugu da ƙari, hasken rana ne ke sa fatarsa ta samar da bitamin D, wanda in babu shi jiki ba ya iya amfani da sinadarin kalsiyam. Wanda aka kulle a ɗaki bayansa yakan yi laushi ya karkace, kuma gilashin taga yana tare ɓangaren hasken da ake bukata. Amma fa a lura: da bazara zafi kan haura digiri 40 a wannan ƙasa, daron ƙarfe a tsakar rana kuwa tukunya ce. A ajiye rabin mazaunin a inuwa. Da hunturu cin abincinsa kan ragu, wannan ba ciwo ba ne.

Abinci: Mai cin nama ne. A ba shi tana da fara da gara da talibambam da ƙananan kifi ɗungurungum, don a ƙashinsu kalsiyam yake. Babba sau biyu ko uku a mako ya wadatar. Tuwo da burodi da nama mai gishiri ba cimarsa ba ne. A cikin ruwa yake ci, don haka a riƙa sauya ruwan bayan kwana biyu ko uku.

Lafiyar Mutanen Gida

Kunkuru mai ƙoshin lafiya yana iya ɗauke da ƙwayar Salmonela a hanjinsa, wadda ke haddasa gudawa da amai da zazzaɓi ga ɗan Adam. Wannan ne ya sa Amurka ta hana sayar da kunkurun da bai kai inci 4 ba tun 1975, saboda yara kan yi wasa da su, har su kai baki. Don haka a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, kada a bar 'yan ƙasa da shekara 5 su yi wasa da shi, kada a wanke mazauninsa inda ake wanke kwanuka. Mafi muhimmanci, kada a jefa shi cikin rijiya ko randar ruwan sha.

Kammalawa

A taƙaice dai, gida asibiti ne ga kunkurun ruwa, ba mazauni ba. Da zarar rauni ya warke, yana ci yana iyo daidai, sai a jira ruwa ya zauna a mayar da shi tafkin da aka same shi, ba wani dabam ba. Dabba ce mai tsawon rai, mai jinkirin balaga, kuma ƙwayayenta da 'ya'yanta kaɗan ne ke tsira daga guza da tsuntsaye. Mace guda da aka tsare a daro asarar ƙwayayen shekaru masu yawa ce ga fadama. Yaron da ya raka mahaifinsa aka saki kunkuru a bakin gulbi ya koyi abin da ya fi wanda zai koya daga kallonsa a cikin roba.