Shawarwari ga iyalin da ɗansu ke shirin nutso da kifin shak mai zane

Cikin matasanmu da ke karatu ko aiki a ƙasashen waje, akwai waɗanda sha'awar nutso a teku da tukunyar iska ta kama, har wasu na burin ganin kifin shak mai zanen damisa ido da ido. Wannan kifi kan kai tsawon mita 4, wani ma ya wuce, kuma a lissafin ire-iren shak da suka fi cizon mutane a duniya, farin shak kaɗai ne ke gabansa. Duk da haka mutane na nutso da shi a Tiger Beach da ke Bahamas, da tsibirin Fuvahmulah na Maldibis, da Aliwal Shoal a Afirka ta Kudu, su fito lafiya. Abin da na fi ji wa mai tafiya tsoro shi ne jikinsa da kamfanin da ya damƙa wa ransa, kuma duka biyun tun daga gida ake gyara su.

1. A fara da likita, kafin ma a sayi tikiti. Mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya, da mai asmar da ba ta lafa ba, da mace mai juna biyu, nutso ba nasu ba ne. Ga kuma wadda ta fi shafar gidajenmu: sikila. Mai cutar sikila kada ya kusanci wannan harka, domin sanyin ruwa da wahala da ƙarancin iska na iya tayar masa da ciwon a inda babu mai kai masa ɗauki. Wanda yake AS ya faɗa wa likitan da ya san harkar nutso, ya ji ta bakinsa. Akwai takardar lafiya da kamfanoni ke ba mutum ya cike. Wasu kan ɓoye ciwonsu don kada a hana su shiga ruwa, wannan kuwa cin amanar kai ne da na iyali.

2. Kada shak ya zama nutsonka na farko. Takardar shaidar matakin farko ta ƙungiyar horar da masu nutso ta PADI mita 18 ta yarje maka, ta gaba da ita mita 30. Amma takarda daban, sabo daban. Sai ka iya tsayawa cak a cikin ruwa ba tare da fafutukar hannu ba, ka iya fitar da ruwa daga gilashin fuskarka hankali kwance, sannan ka yi maganar shak. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

3. A tsananta wa kamfanin tambaya. Shekara nawa suka yi suna wannan aiki? Mutum nawa jagora ɗaya ke kula da su? Akwai iskar oksijin ta gaggawa a jirgin, da maɗaurin tsayar da jini, da rediyo? Ina asibiti mafi kusa, ina kuma ɗakin matsin iska da ake jinyar wanda nutso ya yi wa illa? Tiger Beach ba ta da zurfi, ba ta kai mita 10 ba, amma tana da nisa da gaɓa, kuma wanda jini ke zuba a jikinsa ba ya jiran tafiyar sa'o'i. A tambayi yadda suke jawo kifin: wasu kan rufe koto a akwati ƙamshi kawai ke fita, wasu da hannu suke ciyarwa. Ni na fi natsuwa da na farkon. Kamfanin da ya ji haushin tambaya, ko ya ce babu wani haɗari ko kaɗan, a bar masa arharsa.

4. A yi inshorar nutso ta musamman, irin ta ƙungiyar DAN, don inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta biyan kuɗin ɗakin matsin iska ko jirgin ɗaukar mara lafiya.

5. A duba kalanda. A Bahamas daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne. Haka kuma ban ga dalilin haɗa wannan tafiya da azumi ba: bushewar jiki na ƙara haɗarin ciwon da iskar naitirojin ke jawowa idan ta yi kumfa a cikin jini.

6. Shiga ta zama baƙa ko mai duhu, ta rufe jiki duka har da safar hannu. Zobe, sarƙa, agogo mai ƙyalli, duk a bar su a masauki.

7. A cikin ruwa, idonka a kan kifin. Shak mai zane ba ya gaggawa, yakan zo sannu a hankali, kuma ya fi son ɓullo wa mutum ta baya, saboda haka ka riƙa waiwaye, abokin nutsonka ma ya tsare maka baya. Ka zauna inda jagora ya ajiye ka, nesa da akwatin koto, hannuwa a jiki. Idan ya doso ka, kada ka juya ka gudu. Ka fuskance shi, ka sa sandar da aka ba ka a tsakaninku, ka bar jagora ya kawar da shi. Kada ka taɓa shi don hoto. Kyamara kuma kada a ɗaure ta a hannu: idan ya cafke ta, a sakar masa. Lokacin shiga da fita ya fi kowane lokaci haɗari, don haka ba a shawagi a saman ruwa ana fantsama. Sannan duk yadda zuciya ta kai ga bugawa, ba a riƙe numfashi, ba a tasowa sama a guje, domin iskar da ke huhu na kumbura yayin tasowa har ta yaga shi. Ana tsayawa minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito.

8. Kada a hau jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18 bayan nutso na ƙarshe, idan an jera kwanaki ana yi. Awa 24 ta fi. Ciwon gaɓoɓi, jiri, ko mutuwar wani sashen jiki bayan an fito daga ruwa ba gajiya ba ce, a nemi oksijin da likita nan take. Ku kuma iyaye da matan aure, kafin ku ce wa mai tafiya Allah ya kiyaye hanya, ku karɓi sunan kamfanin da lambar wayarsu da takardar inshorar, ku adana a gida.