Yadda Ake Ƙera Ƙaramin Samfurin Jirgin Yaƙi Mai Fiffike Hawa Biyu

Gabatarwa

Yaron da ya taɓa yin motar kara ya riga ya san rabin wannan sana'a. Bambancin kawai shi ne, yaro da ido yake kintace, shi kuwa mai ƙera samfuri da rula da lissafi yake aiki. Wannan maƙala za ta ɗauki jirgin DH.9A a matsayin misali. Ingila ce ta ƙera shi a 1918, gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma irinsa ne guda uku suka taso daga Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925.

Ma'auni

Kalmar "samfuri" a nan ba ta nufin abin wasa. Tana nufin kwafin abu wanda aka rage kowane sashe nasa da adadi ɗaya. Idan aka ce ma'aunin 1:48, to kowane awo na jirgin gaske za a raba shi gida 48. Faɗin fukafukan DH.9A kusan mita 14 ne, saboda haka na samfurin zai zama santimita 29. Tsawon jikinsa mita 9.2, wato santimita 19. A zana waɗannan a takarda kafin a taɓa reza. Wanda ya tsallake wannan mataki zai gama da jirgi mai kan giwa da ƙafar sauro.

Jiki da fukafukai

Kayan aikin ba su da yawa: kwali mai ƙarfi ko katako mai laushi, reza, gam, samfefa, tsinken sakace, zare da fenti. Jikin ba shi da wuya, domin kusan akwati ne mai tsukewa zuwa wutsiya. A huda masa gurbi biyu, na matuƙi a gaba, na mai bindiga a baya. Fukafukan asali katako ne aka lulluɓe da ƙyalle, har haƙarƙarinsu kan fito. Ana kwaikwayon wannan da manna siraran zare a jere, a rufe da takarda mai laushi.

Ɗora fiffiken sama

A nan gizo ke saƙa. Fiffiken sama ba ya zaune a kan jiki, sanduna ne ke ɗauke da shi: huɗu a kowane gefe, sai wasu gajeru a tsakiya. Idan sanda ɗaya ta fi 'yan uwanta da milimita guda, a jirgin gaske kusan santimita 5 ke nan, kuma ido zai gane karkacewar tun daga nesa. Dabarar ita ce a yanka madogara biyu na kwali masu tsayi daidai, a ɗora fiffiken a kansu, a saka sandunan ɗaya bayan ɗaya, a bar gam ya kwana kafin a zare kwalin. Bayan nan sai wayoyin da ke gicciye tsakanin sandunan. Zaren kamun kifi mafi siriri ya fi dacewa, domin zaren ɗinki yana da gashi, kuma yakan saki.

Fenti kuwa, jiragen sojan saman Ingila na shekarun 1920 launin azurfa suke da shi, da tambarin da'ira mai shuɗi a waje, fari a tsakiya, ja a ciki. A shafa shi siriri sau biyu, don kada kaurinsa ya binne haƙarƙarin da aka sha wahalar fitarwa.