Kafin ku sa hannu a kundin ƙungiyarku

Wannan gargaɗi ne ga masu kafa ƙungiyar ci gaban unguwa, kwamitin masallaci ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Ku rubuta dokokinku tun kuna ga-maciji da juna, kafin kuɗi su shiga asusu.

Kada ku je shagon buga takardu a kwafo muku kundin wata ƙungiya, a goge sunanta a sa naku. Ranar rigima, wannan takarda alƙali zai karanta, ba abin da kuka yi nufi ba.

Ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Ƙungiyar addini, ilimi ko jin ƙai tana rajista ne a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ƙungiyar gama kai ta manoma ko 'yan kasuwa kuwa, ofishin gama kai na jiha za ta nufa.

Kada ku naɗa amintattu don kunya. Nan ne ake yawan faɗawa rami: a ɗauko Alhaji wane saboda shi ya ba da fili, a ƙara da wani dattijo don kada ransa ya ɓaci, a bar wa'adinsu babu iyaka. Da sunan amintattu ake riƙe filin ƙungiya da gininta, su ake kai wa ƙara, su ke kai ƙara. Doka ta ce kada su gaza biyu, ta kuma hana yaro, da mai taɓin hankali, da wanda kotu ta kama da zamba cikin shekaru 5 da suka wuce. Ku rubuta shekarun da kowane zai yi, da laifin da zai sa a cire shi, da yadda za a maye gurbin wanda ya rasu. Mutanenmu ba sa son wannan magana, sai su ce kamar ana yi wa mutum fatan mutuwa. Ku rubuta duk da haka. Kuma canjin amintacce ba ya tabbata da kabbara a wurin taro, sai an kai wa hukumar ta amince.

Kada kuɗin ƙungiya su kwana a asusun ma'aji, ko da limami ne. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu aƙalla su sa hannu kafin a fitar da ko sisi, kada su zama wa da ƙani. Kowace gudummawa da rasit.

Ku faɗi mutum nawa za su hallara kafin taro ya zama taro, da kwanakin sanarwa. In ba haka ba, mutum biyar za su zauna a zauren shugaba bayan isha'i su sayar da filin makaranta.

Kada ku raba rarar kuɗi tsakanin mambobi da sunan ihsani, doka ta hana. Ko ƙungiyar ta rushe, abin da ya rage bayan biyan bashi wata ƙungiya mai irin manufarku za a miƙa wa.

Ku riƙa kai rahoton shekara ga hukumar, kada tara ta taru.

Kada gyaran kundi ya zama da sauƙi. Ku sa sharaɗin kashi biyu bisa uku na babban taro, a kuma rubuta ƙarara cewa shugaban da ke kan kujera ba zai ci moriyar ƙarin wa'adin da aka yi a zamaninsa ba.