Kuɗin Caca Ya Maƙale a Shafin Waje

Tambaya: Na zuba naira 20,000 a wani shafin caca na ƙasar waje. Na ci, amma sun hana ni cira. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, zubawa minti ɗaya ce, wajen cirewa ake ganin halinsu. Nan za su nemi fasfo ko katin shaida, da takardar da ke nuna adireshinka, kuma dole sunan ya yi daidai da na asusun da kuɗin ya fito. In kuma ka karɓi garaɓasar shiga, ka ɗaure kanka: idan sharaɗin ya ce sau 35 a kan kyautar naira 10,000, sai ka buga cacar naira 350,000 kafin a sakar maka ko sisi.

Da yawa daga irin waɗannan shafukan lasisin tsibirin Kurasawo gare su, hukumomin Najeriya ba su da ikon matsa musu. Abin da ka tura ta kirifto kuwa ba ya juyowa.

Kada ka ƙara musu kobo, ko da sun kira shi "kuɗin buɗe asusu". Aika takardun sau ɗaya, ka adana hoton kowane saƙo. Ni dai shawarata, ko sun biya ko ba su biya ba, rufe asusun. Caca haramun ce, kuma tana cin gida.