Turaren Wuta a Rufaffen Ɗaki

Malama Binta daga Fagge, kusa da Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano, tana tambaya ko turaren wutar da take saya a Sabon Gari zai cutar da jaririnta.

Malama Binta, zai iya, musamman a rufaffen ɗaki. Hayaƙin turare yana ɗauke da sinadarai irin su fomaldehaid, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin masu haddasa ciwon daji, kuma hayaƙin yana tayar da asma. Wasu za su ce ai daga itace da man tsirrai ake haɗa shi. Gaskiya ne, amma taba ma ganye ce. Illar a ƙonawa take. Ki fitar da jariri kafin ki turara ɗaki, ki buɗe taga har hayaƙin ya fita.