Kafin ka kama hanyar Mai Wurno da dajin Dindir

Wani abokina malamin makaranta a Katsina ya ce ƙanen kakansa ya bi hanyar Makka da ƙafa bai dawo ba, kuma an ce zuriyarsa na wani ƙauye kusa da Sinnar a Sudan. Yana so ya je sada zumunci, ya leƙa gidan tarihi a Kartum, in da hali ya shiga dajin Dindir ya ga namun dawa. Amsar da na ba shi ita ce wannan, kuma ta shafi duk mai irin niyyarsa.

Tsaro tukuna. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya taka wannan yanki da ƙarfi. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da soja a Disambar 2023, sai a Janairun 2025 soja suka ƙwace ta. Sinja da garin Dindir sun sha irin wannan a 2024. Kada ka ɗaure kaya sai ka yi magana da mutumin da yake kwana a ƙauyen da za ka, ba wanda ke Alƙahira ko Jidda yana jin labari ta waya ba. In ya ce dakata, to ka dakata.

Biza, katin rigakafin shawara, rajista wurin 'yan sanda da takardar izinin fita jihohi, duk ka gama da su da wuri. Katin bankinka na gida ba zai yi aiki ba, riƙe kuɗi a hannu. Kada ka ɗaga waya a kan gada ko madatsar ruwa, ko da ta Sinnar ce da aka gama a 1925, wadda kowa ke marmarin ɗauka.

Mai Wurno na bakin Shuɗin Nilu, kudu kaɗan da Sinnar. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da waɗanda suka tsira, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Daga baya alhazan ƙafa da masu neman aikin auduga a gonakin Jazira suka yi ta ƙaruwa, ƙauyuka suka bazu har Damazin da Rusairis. Za ka ji Fillanci da Hausa da Larabci a tsakar gida ɗaya. Tsofaffi na da wata Hausa mai tsabta da mu a gida muka fara sakin ta, matasa kuwa Larabci ya fi zama musu a baki, kuma kada ka ga laifinsu. Karin kumallo sai hantsi ya dubi ludayi, wake ne da ake kira ful da man riɗi da gurasa. Da rana kisra ko asida da miyar kuɓewa busasshiya. Da yamma a fito da gadajen igiya waje, a kawo shayi ko gahawar jabana, a yi ta hira. Agashe, naman da duk Sudan ke layi a kansa, tsiren Hausawa ne da ƙuli da yaji. In azumi ya same ka a kan titin Madani, mutanen ƙauyuka za su tare motarku gab da magariba su sauke ku shan ruwa. Kada ka ƙi sauka.

Yanzu ga inda na fi son ka saurara. Ƙasar wannan yanki baƙar laka ce. Da rani takan tsage har ƙafar yaro ta shige, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta riƙe shi watanni. Damina daga Yuni ne zuwa Oktoba, amma ɗaukewar ruwan sama ba shi ne buɗewar hanya ba. Wanda ya taso a jigawar Katsina ko Maraɗi, inda ake ruwa da dare a bi hanya da safe, nan ne yake faɗawa.

Shekaru kafin yaƙi, a ƙarshen Oktoba, wani direba a tashar Dindir ya rantse mana hanyar daji ta bushe, har ya ce jiya aka bi ta. Ya karɓi kuɗin mai da rabin ladansa. Kwalta na ƙarewa muka shiga gonakin dawa, sama tas, ƙasa a ido kamar ka shanya hatsi. Ba mu yi nisa ba tayoyi suka fasa ɓawon sama suka nutse har gindin mota. Muka tona, muka sa itace, laka na cire mana takalma. A nan muka kwana cikin sauro, washegari mai tarakta ya zo ya yanka kuɗin da ya ga dama ya ja mu baya. Direba bai mayar da ko sisi ba, ya ce ƙaddara ce. Da muka dawo gari, wani dattijo Bahaushe mai agashe a bakin tasha ya dubi ƙafafuna ya ce, "Ɗana, wa ya tura ku daji yanzu?" Na ce, "Baba, an ce mana jiya aka bi hanyar." Ya ce, "Tarakta ce ta bi. Mu nan ba ma shiga sai an gama yankan dawa."

To ka riƙe wannan ma'auni. Lokacin shiga dajin Dindir daga Disamba ne zuwa Afrilu, kuma Janairu da Fabrairu sun fi sauƙin zafi. Kada ka tambayi mai mota halin hanya, domin cinikinsa ke nan. Tambayi manomi, ko jami'an kula da namun daji da za su ba ka izini da ɗan rakiya. Kada ka biya lada sai an kai ka an dawo da kai, kuma motoci biyu sun fi ɗaya.

In ka dace da lokaci, ba za ka yi da-na-sani ba. An keɓe dajin tun 1935, ya kai murabba'in kilomita dubu 10, yana jingine da iyakar Habasha. Da rani kogin Dindir yakan yanke ya bar tafkuna da fadamun da ake kira maya, a nan dabbobi ke taruwa: ɓauna, gwambaza, kwanta-rafi, gadu, gwaggon biri, jimina, zabin daji ba adadi, da tsuntsayen ruwa cikin goriba da aduwa. Zaki yana nan, amma an fi jin sa da dare a sansanin Galagu fiye da ganinsa. Raƙumin dawa an daɗe da rasa shi, noman tarakta da farauta sun cinye masa wuri.

Ruwan magudanan Jazira kuwa, kada ka sa ƙafa a ciki, ko da alwala ce. Za ka ga yara na iyo, mata na wanki, ruwa kwance lumui. Dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya a nan yake, kuma ta fata take shiga. Nemi ruwan famfo ko na rijiya, ka kwana cikin gidan sauro.

Gidajen tarihi sai haƙuri. Babban na Kartum da aka buɗe a 1971, inda aka ajiye ɗakunan bauta na Nubiya da aka kwaso kafin tafkin Aswan ya shanye su, an wawashe shi a wannan yaƙi. Gidan Halifa Abdullahi a Umdurman ma bai tsira ba. Wannan hasara ce ta dukan Afirka, kuma raina ya ɓaci da ita ƙwarai. Mai neman tarihin danginsa dai ba a can zai same shi ba. Ya tafi da sunan kakansa, da garinsu, da unguwarsu, da sana'ar gidansu, ya kai gaisuwa fadar Mai Wurno inda zuriyar Attahiru ke riƙe da sarauta, sannan ya zauna da limamai da tsofaffin mata. Su ne suka san wa ya zo daga ina.

Riƙe goro da turare da yadin shadda. Ka kuma iya bakinka. A 2022 rikicin ƙasar noma da sarauta a jihar Shuɗin Nilu ya ci ɗaruruwan rayuka, Hausawa da yawa a ciki, kuma tushensa shi ne cewa da aka yi su baƙi ne. Saboda haka kada ka tambayi kowa yaushe zai koma gida, ko da wasa. Kakanninsu ne suka share waɗannan gonaki fiye da shekara ɗari da suka wuce, a nan aka binne su. 'Yan Sudan ne, kuma 'yan'uwanka ne, ka gaishe su a haka.