Tara Tsofaffin Kuɗi da Lambobin Tunawa

Yara, kun taɓa duba tsohon kwabo da kyau? A jikinsa akwai zane, da rubutu, da shekara. Wanda ya iya karanta su, ya karanta tarihi.

Idan wani babban abu ya faru, mutane sukan buga lambar ƙarfe ko kuɗi na musamman domin kada a manta. Ana kiran wannan lambar tunawa. Akwai masu sha'awar tara irin waɗannan abubuwa.

Ƙasarmu Kamaru ta sami 'yancin kai ran 1 ga Janairu, 1960. Shugabanta na farko, Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa ne. Domin tunawa da ranar, an buga kuɗin ƙarfe na faran 50, wato dala goma. A jikinsa an rubuta wannan rana. An kuma zana kawunan namun daji uku masu dogayen ƙahoni, dangin gwanki. Ana samun irinsu a gandun dajin Binuwai, kudu da Garwa.

Akwai kuɗin da ya girme wannan. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an buga wa Kamaru kuɗi mai hoton zakara. Kakanninmu kuma sun yi ciniki da wuri da liyari. Liyari kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya. Shekarar 1780 ce a jikinsa, ko da an buga shi daga baya.

Su ma baƙi sukan bar shaida a inda suka zauna. Kun san Sinawa ne suka taimaka aka gina madatsar ruwa ta Lagdo, aka gama a 1982. Tun da daɗewa mutanen Sin suke fita neman abinci. Waɗanda suka je haƙar zinariya a tsibirin Barniyo, a nahiyar Asiya, sun ƙera kuɗinsu na kuza mai rami a tsakiya, da rubutunsu. Yau masu tarawa suna nemansa ido rufe, don ya yi wuya.

In ka sami tsohon kuɗi, kada ka goge shi da yashi ko toka, don rubutun zai shafe. Kada ka huda shi. Ka nuna wa iyayenka, ka naɗe shi a takarda, ka rubuta shekararsa da ƙasarsa. In aka narkar da shi, labarinsa ya tafi ke nan.

Kalmomi
lambar tunawa: médaille commémorative
kuɗin ƙarfe: pièce de monnaie
wuri: cauri
kuza: étain

Tambayoyi
1. Me ya sa aka buga dala goma ta 1960?
2. Wace shekara ce a jikin liyari?
3. Yaya ake adana tsohon kuɗi?

Aiki
Ɗora takarda a kan kwabo, ka goga fensir a hankali. Me ya fito?